Da ƙwaya ɗaya haifabaizata na tashi lafiya, ina tada ta biyu sai injin ya yi ristat

ɗan_koyo64:

Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah masu harkar kasan-kasan firosesa ku kawo ɗauki, kwana huɗu kenan kaina ya ɗaure.

Ina rubuta wata 'yar ƙaramar haifabaiza ce don koyo (manhajar da ke gudanar da wani tsarin aiki a ƙarƙashinta a matsayin baƙo), ta Intel VT-x, fasahar firosesar Intel ta yin hakan, ba wani babban abu ba, so nake dai in fahimci me ke faruwa daga kunna inji zuwa lokacin da baƙo zai fara gudu. GRUB, manhajar da ke loda tsarin aiki in an kunna inji, shi ne ke loda ta da Multiboot2, ya bar ni a furotekted mod na bit 32, na duba EAX na ga 0x36D76289 yadda ya kamata, na gina teburan shafuka, na kunna PAE a CR4, na sa LME a EFER, na loda CR3, na kunna PG a CR0, na yi dogon tsalle na shiga long mod. Duk wannan yana tafiya sumul, har VMXON, umarnin kunna VT-x, yana wucewa. In na kunna QEMU, injin kwaikwayon da nake gwaji a kai, da `-smp 1`, wato ƙwayar firosesa (core) ɗaya, ba wata matsala.

Matsalar tana zuwa ne in na ce `-smp 2` ko sama. Ina karanta MADT, teburin da famwaya (BIOS ko UEFI) ke lissafa ƙwayoyi a ciki, in ɗebo lambobin APIC da ake kiran kowace ƙwaya da su, in kwafe 'yar kod ɗin nan ta bit 16 da nake kira tsani zuwa 0x8000, in tura wa ƙwaya ta biyu siginar INIT, in jira milisakan 10, in tura SIPI, siginar farkawa, da bekta 0x08, in jira maikirosakan 200, in sake tura SIPI. Daga nan sai allo ya yi ƙyaf, sai ga GRUB ya dawo kamar ba a yi komai ba. Na sa tsanin yana tura haruffa ta siriyal a 0x3F8, A a riyal mod, B bayan furotekted, C bayan an shiga long mod, D a layin farko na fankishin ɗin da na rubuta da yaren C. Ina ganin ABC amma D ko sau ɗaya bai taɓa fitowa ba. Na sa `-d int` don QEMU ya rubuta kurakurai, bai rubuta mini komai ba, fayil ɗin fayau.

Sannan wata tambaya ta gefe, tunda ana cewa "shirya mimori" a wajen tashi, shin ni ne ya kamata in kunna RAM ɗin ko wani ya riga ya yi? Don ni dai kawai na ɗauka daga 1MB zuwa sama duk nawa ne ina ta rabawa. Na gode.

Baba_Rajista:

Wa'alaikumussalam ɗana. Da farko dai ka kyauta da ka sa haruffan nan, da yawa sai su zo su ce "ba ya aiki" su yi shiru, kai kuwa ka riga ka yi rabin aikin da kanka.

Bari mu fara da `-d int`. Tunda VT-x kake gwadawa na san da KVM kake kunna QEMU, to in KVM na aiki firosesar gaske ce ke gudanar da kod ɗinka, QEMU ba ya ganin kurakuran balle ya rubuta maka su. Cire `-enable-kvm`, ka sa `-d int,cpu_reset -no-reboot`. Eh na sani, a haka ba za ka samu VMX, wato VT-x ɗin, ba don kwaikwayon QEMU ba ya yin VMX, amma ai mutuwar taka tana faruwa tun kafin a kai wajen VMXON, ka tsallake wannan ɓangaren na ɗan lokaci. In kuma kana son VMX da dibog a tare to Bochs ke yin wannan, yana da nawa kamar hawainiya amma zai gaya maka takamaimai wane bincike ne ya faɗi.

Ristat ɗin da kake gani faɗuwa uku ce. Kuskure ya faru, firosesa ta je neman mai kula da shi a IDT, teburin masu kula da kurakurai, ba ta samu ba, wannan ya zama kuskure na biyu, ta je neman mai kula da na biyun shi ma babu, sai ta saduda ta kashe kanta, inji ya sake tashi. Kuma abin da nake so ka riƙe shi ne, ƙwaya ta biyun nan da ka tasa ba ta gaji komai daga ta farko ba. Komai fa. Mimori kaɗai suka haɗa. CR0, CR3, CR4, EFER, GDTR, IDTR, TR, sitak, duk kowace da nata. Ita tana farkawa ne kamar muna 1978 tana zaton ita 8086 ce, CS ɗinta 0x0800, IP sifili, adireshinta bai wuce 1MB ba, shi ya sa ma dole tsanin ya zauna ƙasa da 1MB a farkon shafi, don bektar SIPI bit 8 ce kacal ana ninka ta da 0x1000. Duk wata rajista da ka taɓa a ƙwaya ta farko tun daga tashi har zuwa lokacin da ka tura SIPI, sai ka sake taɓa ta a ta biyu.

To yanzu ga hasashena. C ya fito, kenan an shiga long mod, shafin tsanin yana nan a tebur, kuma CR3 ɗinka yana ƙasa da 4GB (da yana sama da tuni ka mutu tsakanin B da C, don a bit 32 rabin adireshin kawai za ka iya lodawa). Me ke tsakanin C da D? `call`. Shi kuma `call` abu na farko da yake yi shi ne ya rubuta adireshin dawowa a sitak. Wato taɓa sitak na farko ne ke kashe ka. Ko dai RSP ɗin shara ne, ko shafin ba ya cikin tebur, ko kuma, wanda na fi zargi, bayan ka tashi ka gyara teburanka ka sa bit 63 a shafukan data don hana gudanar da kod a cikinsu, ka kunna NXE a ƙwaya ta farko, amma tsanin LME kawai yake sawa. In NXE a kashe yake to bit 63 haramtacce ne, firosesa tana ganinsa za ta jefa kuskuren shafi. Ka duba log, in ka ga 0xe, wato kuskuren shafi, da lambar kuskure 0xb to shi ne, don bit 3 na lambar yana nufin an taɓa bit ɗin da aka hana.

Maganin layi ɗaya ne, maimakon 0x100 ka sa 0x900 a EFER, wato rajista ta musamman (MSR) mai lamba 0xC0000080. Amma wanda ya fi shi ne kada ka rubuta lambar da hannu kwata-kwata, ka sa ƙwaya ta farko ta karanta EFER ɗinta da CR4 ɗinta ta ajiye a wani ɗan wuri cikin shafin tsanin, sai ta biyu ta ɗauka daga nan, ka dai cire LMA, bit 10, don wannan firosesa ce ke sa shi da kanta. Haka Linux yake yi. Kuma dan Allah ka loda IDT da wuri-wuri, ko da mai kula ɗaya ne da zai buga lambar kuskure da RIP da CR2 ya tsaya, ya fi ka zauna kana duban ƙasa.

ɗan_koyo64:

Kai Baba Allah ya ƙara girma!! Wallahi shi ne. 0xe da 0xb, sai 0xd, sai 0x8, sai faɗuwa uku, daidai yadda ka faɗa. Na tuna ma ranar da na sa NX ɗin ina ta jin kaina wai na yi tsaro. Na gyara, D ya fito.

Amma tsugune ba ta ƙare ba. Yanzu da na sa IDT yana buga mini kuskure na 13 a kan `ltr`, umarnin loda TSS (tsarin da ke riƙe adireshin sitak), lambar kuskuren 0x28, wato selektan TSS ɗina kenan. Kuma wannan layin dai shi ne ƙwaya ta farko ta bi ta wuce lafiya, kod ɗaya GDT ɗaya (teburin da bayanin TSS ɗin yake ciki), ban canza ko waƙafi ba.

Malama_Sifili:

Ai ƙanena amsar tana cikin maganarka, "GDT ɗaya". `ltr` ba karatu kawai yake yi ba, yana rubutu a cikin GDT. Lokacin da ƙwaya ta farko ta loda TSS ɗin, firosesa ta canza nau'in bayanin daga 0x9 zuwa 0xB, ma'ana an kama shi yana kan aiki. Ta biyu ta zo ta tarar da 0xB, ita kuma doka ta ce ba a loda TSS da ke kan aiki, sai kuskure na 13. Za ka ga wasu a intanet suna cewa ka goge bit ɗin kafin kowane `ltr`, kada ka bi su, zai wuce amma ka dasa wa kanka bam ne, don TSS ɗin nan a cikinsa adireshin sitak ɗin IST suke, ranar da NMI, katsewar da ba a iya toshewa, ta sauka a ƙwayoyi biyu lokaci ɗaya a kan sitak ɗaya za su rubuta, kuma irin wannan matsalar sai ta yi sati ba ta fito ba sannan ta fito sau ɗaya ta ɓace. Kowace ƙwaya a ba ta TSS nata, ni ma na fi son kowace da GDT nata gaba ɗaya, shafi ɗaya ne ba ya cin komai. Ka tuna kuma bayanin TSS a long mod bayit 16 ne, gurbi biyu yake ci ba ɗaya ba.

Kuma kada ka ce bari in cire `ltr` ɗin in huta tunda ba na amfani da zobe na 3. VMLAUNCH, umarnin tada baƙo, ba zai yarda ba, selektan TR na mai masauki, wato haifabaizar, ba ya zama sifili, zai dawo maka da kuskure mai lamba 8 a filin 0x4400.

Tunda ga ka nan a bakin VMXON na ƙwaya ta biyu bari in rage maka wahalar gobe. Yankin VMXON kowace ƙwaya da nata shafin 4KB, da lambar bita daga MSR 0x480 a farkonsa. VMXE, bit 13 na CR4, kowace sai ta kunna. MSR 0x3A shi ma kowace ta duba nata, in famwaya ta kulle shi ba tare da bit 2 ba to sai dai ka shiga saitin BIOS, ba dabarar da za ta buɗe shi sai an sake kunna inji. Sai NE, bit 5 na CR0, wannan ya ci mutane da yawa, INIT yana share shi kuma VMX yana buƙatarsa, ka bi MSR 0x486 zuwa 0x489 su ne ke gaya maka waɗanne bit dole su zama 1 waɗanne dole 0 a CR0 da CR4. Ka kuma tabbata CD da NW a kashe suke, in ba haka ba ƙwayar za ta yi aiki amma ba kash (ɗan mimori mai sauri na cikin firosesa), sai ka ga ɗaya tana gudu ɗaya tana rarrafe ka rasa dalili.

Wani abu kuma, sitak. In kana tada su ɗaya bayan ɗaya, ka jira kowace ta ɗaga tuta ta ce na ɗauki nawa kafin ka rubuta adireshin sitak na gaba a tsanin. Na taɓa yin gaggawa a nan, da ƙwaya biyu lafiya lau, da takwas sai biyu suka ɗauki sitak ɗaya, na kwana uku ina zargin kamfaila alhali ni ce.

Af, kamfailan ma ba a barinsa haka. `-mno-red-zone` dole ne, in ba haka ba katsewa za ta taka bayit 128 da ke ƙasan RSP, sannan `-mgeneral-regs-only` don kada GCC ya cusa maka umarnin SSE a wajen kwafe sitrok tun ba ka kunna OSFXSR ba.

Baba_Rajista:

Malama ta gama da wannan. Ni tambayarka ta gefe ce ta fi tsaya mini a rai, don maganar "daga 1MB zuwa sama duk nawa ne" ita ce za ta kashe ka ranar da ka bar QEMU ka hau ƙarfe na gaske.

RAM dai ba kai ke kunna shi ba, kuma ka gode wa Allah. Lokacin da aka ba inji wuta, firosesa tana ɗauko umarninta na farko daga 0xFFFFFFF0, bayit 16 ƙasa da 4GB, kuma wurin nan ba RAM ba ne, filashin famwaya ne. A wannan lokacin DRAM ɗin bai san kansa ba, ba sitak ba komai, sai famwaya ta mayar da kash ɗin firosesa ya zama RAM na wucin gadi don ta samu inda za ta gudanar da C, sannan ta karanta ɗan guntun SPD da ke jikin kowane sandan RAM ta SMBus ta san girmansa da saurinsa, sannan ta yi abin da ake kira horarwa, tana gwada jinkirin kowane layin waya har sai rubutu da karatu sun daidaita. Shi ya sa sabon inji mai DDR5 zai iya ɗaukar mintuna allo baƙi a kunnawar farko mutum ya zaci ya lalace. In kana son ganin yadda abin yake ka leƙa romstage na coreboot, ko da yake a injinan Intel na yanzu ainihin horarwar tana cikin FSP wanda a rufe yake, a AMD Zen kuma wata 'yar firosesa ce daban, PSP, take gama aikin tun ƙwayoyin x86 ba su farka ba.

To aikinka kai a matsayin haifabaiza shi ne ka san ina ne RAM, ina ne ba RAM ba, ina ne RAM amma mai shi na nan. Wannan kuma famwaya ce kaɗai ta sani, ta taswirar E820 a tsohon BIOS ko GetMemoryMap a UEFI, GRUB ya riga ya karɓo maka yana cikin bayanan Multiboot2, tag mai lamba 6. Nau'i na 1 ne kawai naka. Na 2 an keɓe, na 3 teburan ACPI ne za ka iya karɓa bayan ka gama karanta su, na 4 na famwaya ne har abada kada ka taɓa in kana son inji ya iya barci ya farka, na 5 lalatacce ne. Kuma kada ka yarda da taswirar ido rufe, ba a yi maka alkawarin za ta zo a jere ba, yankuna na iya hawa kan juna, iyakoki na iya faɗawa tsakiyar shafi. Ka jera su, in biyu sun yi karo wanda ya fi tsanani ya ci, farkon yanki ka tura shi sama zuwa 4KB ƙarshensa ka ja shi ƙasa.

Sannan akwai rami ƙasa da 4GB inda na'urori suke zaune, APIC a 0xFEE00000, IOAPIC galibi a 0xFEC00000, tagogin PCI, filashin kansa. RAM ɗin da ramin ya danne ana ɗaga shi zuwa sama da 4GB, don haka inji mai 8GB adireshinsa na ƙarshe ya haura 8GB. Wanda ya ɗauki jimillar RAM a matsayin iyakar adireshi zai yi asarar na sama kuma ya raba na'urori a matsayin mimori, ka ga an yi biyu babu.

Ko cikin nau'i na 1 ɗin ma ba duka ne fili ba. Taswirar ba ta san haifabaizarka tana wajen ba, ba ta san inda GRUB ya ajiye kanel ɗin baƙo ba, ba ta san inda bayanan Multiboot2 ɗin kansu suke ba. Waɗannan duk kai za ka cire da hannu kafin mai rabon mimorinka ya ba da shafi ko ɗaya. Ka kwafe taswirar zuwa wurinka tun farko, don abin dariya ne amma yana faruwa, mai rabo ya ba da shafin da taswirar take ciki, a share shi da sifili, sauran RAM ya yi ɓatan dabo. Haka 0x8000 ɗin da ka zaɓa wa tsani, a QEMU ka ci sa'a, a inji na gaske ba wanda ya ce maka fili ne, musamman a UEFI. Ka nemo shafi ƙasa da 1MB daga taswirar, ka rubuta tsanin yadda zai yi aiki a ko'ina aka ajiye shi, yana lissafi daga CS. Ni shawarata ma ka hana mai rabo taɓa 1MB na farko gaba ɗaya, Linux na yanzu haka yake yi saboda famwayoyin da ke rubutu a can ba sallama.

Akwai kuma matsalar kaza da ƙwai, kana buƙatar mimori don ka gina teburan da za su ba ka damar ganin mimori. Abin da aka saba shi ne ƙaramin tebur da aka tanada cikin hoton haifabaizar wanda ya rufe ita kanta da ɗan abin da ke kusa, sai wani mai rabo na wucin gadi wanda ba ya karɓar mayarwa, gaba kawai yake turawa, da shi za ka gina manyan teburan da jadawalin shafuka, sannan ka miƙa ragowar ga mai rabo na gaske. Ka yi amfani da manyan shafuka. Lissafa da kanka, 1GB da shafukan 4KB yana cin teburi 512, wato 2MB, inji mai 64GB kenan 128MB sun tafi a teburi kawai, da shafukan 2MB kuwa tebur ɗaya na 4KB ya ishi 1GB.

ARM_kawai:

Hhhh ku mutanen x86 kuna shan wahala wallahi, riyal mod a wannan zamanin. Mu a ARM64 ba tsani ba SIPI, kana EL2, matakin haifabaiza, ka kira aikin famwaya PSCI CPU_ON ta umarnin SMC, 0xC4000003, ka ba shi MPIDR na ƙwayar da adireshin da za ta fara, ta farka a bit 64 kai tsaye. Sai dai kada in cika baki, mu ma muna da namu. Tana farkawa ne MMU, mai fassara adireshi, a kashe, kuma in MMU a kashe yake karatunta ba ya bi ta kash, to in ƙwaya ta farko ta rubuta adireshin sitak yana zaune a kash bai sauka RAM ba, ta biyu tsohon abu za ta karanta. Sai ka yi `dc cvac` ka bi da `dsb` kafin ka tashe ta. Ku a x86 ba ku san wannan ciwon ba. Taswirar mimori kuma daga DTB take zuwa mana ko UEFI, amma maganar Baba ta cire wuraren da aka keɓe tana nan daram.

Malama_Sifili:

@ARM_kawai to mun ji, a bar mu da kayan gadonmu.

Ƙanena ƙari ɗaya kan maganar Baba, don taswirar nan za ta sake dawo maka a EPT, teburan da ke mayar da adireshin baƙo zuwa na gaske, kuma a can ne ta fi cizo. In EPT na kunne, firosesa ba ta duba MTRR, rajistocin da ke faɗin yadda kowane yanki zai bi ta kash, don shigar baƙo mimori, nau'in da ka rubuta a bit 3 zuwa 5 na shigarwar EPT shi take bi tare da PAT na baƙon. In ka yi kasala ka sa 6, wato WB, a ko'ina, rajistocin na'urori za su shiga kash, direba ya rubuta umarni na'ura ba ta gani ba. In ka sa 0, UC, a ko'ina, komai zai yi aiki amma baƙon zai yi nauyin da za ka zaci ya maƙale. A QEMU ba lallai ka ga bambanci ba, shi ya sa mutane ke rantsuwa kod ɗinsu daidai ne. Ka karanta MTRR ɗin da famwaya ta saita ka gina EPT daga su, kuma kada babban shafi ɗaya ya haɗa nau'i biyu. 2MB na farko dole ka farfasa shi zuwa 4KB, don MTRR masu tsayayyen yanki sun yanka 1MB na farko gunduwa-gunduwa, ga VGA a 0xA0000 ga ROM a sama da shi. In ka ga fita (baƙo ya tsaya, iko ya dawo wa haifabaiza) mai lamba 49 to shigarwar ce ba ta da kyau, ko ka sa nau'i 2, 3 ko 7, ko ka ba da izinin rubutu ba karatu, 48 kuwa baƙo ne ya taɓa inda ba ka ba shi ba.

Kuma mimorin haifabaizar kanta kada ya shiga EPT, sannan taswirar da za ka nuna wa baƙo ka sa wurin a matsayin keɓaɓɓe, in ba haka ba kanel ɗinsa zai ga RAM ne ya raba. Ko da ka yi haka na'ura mai DMA, wato mai shiga mimori kai tsaye, za ta iya rubutu a kanka don ita ba ta bi ta EPT, wannan sai VT-d, amma bar shi tukunna kada allura ta tono garma.

ɗan_koyo64:

Alhamdulillah, ƙwayoyi huɗu duk sun tashi, kowace ta buga lambarta ta wuce VMXON. NE ɗin ma ya kama ni Malama, da ba ki faɗa ba da yau ma ban yi barci ba. Na raba GDT da TSS, na sa jiran tuta. Na buga taswirar kuma na ga abin da Baba ke faɗa da idona, yankin farko a 0x9FC00 ya ƙare ba 0xA0000 ba, kuma bayanan Multiboot2 suna zaune cikin wurin da mai rabona yake shirin bayarwa, saura ƙiris.

Yanzu abin da ban gane ba, idan baƙon ya tashi shi ma ai zai so ya tada nasa ƙwayoyin da INIT da SIPI, alhali ni na riga na tashe su suna cikin VMX. Ya ake yi?

Baba_Rajista:

Sai ka yi masa wasan kwaikwayo. Kowace ƙwaya banda ta farko ka shirya mata VMCS, tsarin da ke riƙe yanayin baƙo, ka sa yanayin aikinta 3, wato tana jiran SIPI, ka yi VMLAUNCH ta zauna shiru (ka fara duba MSR 0x485 ka ga firosesar ta yarda da wannan yanayin). In baƙo ya turo SIPI za ka samu fita mai lamba 4 da bektar a ciki, sai ka sa selektan CS ya zama bekta sau 0x100, tushensa bekta sau 0x1000, RIP sifili, ka mayar da yanayin 0 ka sake ta. INIT kuma in ya samu ƙwayar tana gudu fita mai lamba 3 ce, kai za ka mayar da rajistocin baƙon yadda INIT na gaske zai yi ka koma da ita jiran SIPI. Ka lura fa, muddin ƙwaya tana ɓangaren mai masauki INIT a toshe yake, don haka kada ka bar su suna juyi a madaukinka kana jiran ya iso.

Baƙon zai farka a riyal mod kamar yadda taka ta farka, to kana buƙatar saitin baƙo marar takunkumi, bit 7 a sarrafawa ta biyu, wanda ya zo da Westmere a 2010 kuma ba ya aiki sai da EPT. Kafin shi sai dai a yi dabara da yanayin 8086 na kwaikwayo ko a fassara umarni ɗaya-ɗaya, mun sha wannan, ba na yi wa kowa fatansa. Ka fara gama EPT ɗin tukunna, in ka samu fita mai lamba 33 ka turo mana filayen segment ɗin baƙon gaba ɗaya mu duba, galibi haƙƙin shiga na CS ko na TR ne.